Daƙiƙa Talatin a Hinokidani

Sau huɗu a rana nake tsayawa a nan.
Dokar aiki ce: a ja birki, a buɗe ƙofa,
a ƙirga talatin, a duba madubi,
a nuna gaba da yatsa cikin farar safar hannu,
a ce "hanya ta buɗe" da ƙarfi,
ko da babu mai ji sai kwaɗi.

Jirgina tarago ɗaya ne,
tsoho, yana tari in ya hau gada.
Daga bakin teku nake taso shi,
mu kutsa cikin dutse sau bakwai
kafin tashar ta leƙo daga cikin itatuwa:
dandamalin katako, taku goma sha biyu,
rumfar kwano, benci ɗaya,
da agogon da ya tsaya a biyu da kwata
tun kafin a ɗauke ni aiki.

Dā, in ji manya, har layi ake bi a yanki tikiti.
Akwai masu saran katako, akwai mai taliya.
Yanzu ciyawa ta karɓe gonakin shinkafa,
birai sun gaji rufin makaranta.

Sai Tsuneko Urushibara.
Tamanin da 'yan kai, baya ya tanƙware kamar lauje.
Ita ke share dandamali,
ba wanda ya sa ta, ba mai biyanta.
Ita ta ɗinka matashin da ke kan benci
da ragowar rigar mijinta, shuɗi mai ɗigon fari,
don kada baƙo ya zauna kan sanyi.
Wane baƙo? Ban tambaya ba.

Ba ta taɓa hawa jirgina ba.
Takan jingine tsintsiya ta rusuna,
ni ma in rusuna ta bayan gilashi.
Shekara tara, iyakar hirarmu ke nan.
Sau ɗaya, da ganye ya yi ja,
ta miƙo min gasasshen dankali a naɗe cikin jarida.
Ba a ci a bakin aiki.
Na sa a aljihu, ya yi ta ɗumama min cinya
har tashar ƙarshe.

In dusar ƙanƙara ta sauka
sawunta nake fara gani,
ƙanana, a jere, daga gangare zuwa benci.
Wata Talata a Fabrairu babu sawu.
Laraba babu.
Na buɗe ƙofa, sanyi ya shigo ya zauna kyauta,
na ƙirga talatin, na ƙara biyar ɗin da ba nawa ba.
Bututun gidanta ba hayaƙi.

Ranar hutuna na yanki tikiti kamar kowa.
Shimodaira ke tuƙi. Da na miƙe zan sauka
ya dube ni kamar na yi ɓatan kai.

A cikin rumfa akwai littafin baƙi, ɗaure da zare.
Baƙi uku ne suka rubuta a bara.
Sauran shafukan duk hannunta ne:
kwanan wata, ruwa ko rana,
sai layi guda, kullum shi:
"Ya wuce a kan lokaci."
Wani wuri: "Yau kamar mura yake yi."
Wani wuri: "Ya yi aski."

Shafin ƙarshe, rubutun na rawa:
"'Yata ta zo, za ta kai ni birni, kusa da asibiti.
A mota za mu tafi, ku yi haƙuri.
Tsintsiya tana bayan ƙofa."

Tana nan kuwa, bakinta ya cinye ta gefe ɗaya.
Awa uku da minti arba'in kafin jirgi na gaba.
Na share taku goma sha biyu,
na kakkaɓe matashi,
na rubuta kwanan wata, na rubuta: rana, ba iska.

Da na ji tarinsa daga cikin dutse
na jingine tsintsiya,
na gyara tsayuwa.